Kaskon Gwaggo da 'Yan Kyanwa Uku

An yi wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba, gama irinsa na nan ko'ina. Mutum ne mai son tsari har ya yi yawa. A gidansa in an kawo tuwo, babba ne ke fara sa hannu, ya ci, ya ture kwanon, ya rage wa na ƙasa da shi. Haka ya taso ya tarar a gidan ubansa, kuma bai taɓa ganin yaro ya tashi da yunwa a kan haka ba, domin babban da ya san ciwon kansa ba ya suɗe kwano. Mutumin nan yana alfahari da wannan ƙa'ida kamar shi ya ƙago ta.

Yana da wata tsohuwar kyanwa da ake kira Gwaggo. Shekara goma sha ɗaya tana gadin rumbunsa, ɓera bai isa ya leƙa ba. Tana da kaskonta a gindin rumbun, kowace safiya a zuba mata madarar akuya.

Wata rana da safe, bayan an yi ruwa, mutumin ya ɗauki fartanya zai tafi gona, sai ya ji wani ɗan kuka a juji, siriri kamar na tsako. Ya duba, ga kwali jiƙe sharkaf, ga 'yan kyanwa uku a ciki suna rawar sanyi. Kwantsa ta liƙe musu ido, majina ta toshe musu hanci, haƙarƙarinsu kana iya ƙirgawa daga tsaye. Wanda ya zubar da su kuwa, ban san shi ba, kuma gara da ban san shi ba. Mutum ya ɗauki abu mai numfashi ya jefa a juji cikin damina, ya koma gida ya wanke hannu ya ci abinci! To, Allah ya gan shi.

Manomin ya ji tausayi, wannan kam ba za a hana masa ba. Ya kwashe su cikin hularsa ya koma gida. Ya tarar da matarsa Afiniki tana ɗaure kaya, za ta taron zumuntar mata a wani gari, kwana uku za ta yi.

Ta leƙa cikin hular, ta ce, "Wayyo, Maigida, ai waɗannan ba su da lafiya. Ka kai su madafa kusa da murhu, ka ba su nasu daban. Ko don kada Gwaggo ta kwashi murar."

Ya ce, "Daban? A gidana? Ni ba na nuna bambanci. Kasko ɗaya ne, na kowa ne. Gwaggo ce babba, ta fara, ta rage musu."

"Ka taɓa ganin kyanwa ta rage?"

"Ke dai je ki, kada mota ta bar ki. Kun fara wa'azin tun ba ku isa wurin taron ba."

Ta dube shi, ta dubi hular, ta girgiza kai ta tafi.

Ya ajiye 'yan kyanwan a gindin rumbu a kan tsohon buhu. Ya zuba madara a kasko, ya ce, "To, ga shi nan, ku sha," ya saɓa fartanya ya tafi gona da farin ciki.

Da ya dawo da yamma ya tarar da kaskon tas, kamar an wanke shi da toka. Ya yi murna ƙwarai. Ya ce a ransa, "Ka gani? Suna sha." Kashegari ya ninka madarar, ya dawo ya tarar an shanye. Har ya leƙa ta kan danga yana ba maƙwabcinsa labari, wai ya tsinci marayu uku, kuma yanzu shan da suke yi sai ya kai ga sayen wata akuya. Maƙwabcin ya ce, "Kai, Allah ya saka maka." Ya ce, "Amin," yana shafa gemu. Kwana biyu cur, bai tsuguna ko sau ɗaya ya dubi cikin 'yan kyanwan nan ba. Kaskon yake dubawa.

A rana ta uku da safe ya zo da madara, sai ya ga biyu ne ke motsi. Ƙaramin cikinsu, mai farin tabo a goshi, yana kwance a gefen buhu, ya sandare, tururuwa har sun fara hawa kansa. Ya ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan, kamar ya ɗauki ɓawon masara.

Ya ce, "Yaya abin da ke shan rabin ƙwarya a rana zai zama haka?" Ya haƙa rami a bayan gidansa ya binne shi. Sa'an nan ya zuba madarar, amma yau bai tafi gona ba, ya jawo turmi ya kife ya zauna yana kallo.

Gwaggo ta sauko daga kan rumbu, ta yi miƙa, ta sa baki a kasko. Sai a lokacin ya lura cikinta ya yi tulu. 'Yan kyanwan suka ji ƙamshin madara suka fara kuka. Ɗaya ya taso yana jan ciki, amma da yake idonsa a liƙe yake, sai ya nufi wani waje dabam, ya je ya buga kai da jikin rumbu, ya tsaya nan yana kuka. Ɗayan ya yi sa'a ya kai ga kaskon, ya ɗaga ƙafa zai kama bakinsa, ashe kaskon ya fi shi tsawo, ya zame ya faɗi. Ya sake tasowa. Gwaggo ba ta ko cije shi ba. Huci ɗaya ta yi masa, ya koma baya. Ta shanye, ta lashe gindin kasko, ta lashe gefe, ta lashe gashin bakinta, ta koma inuwa.

Jinin mutumin ya tafasa. Ya zabura ya rarumi ƙotar fartanya yana cewa, "Ke ce ashe! Muguwa, mai baƙin ciki! Yau sai kin bar gidan nan!"

Ya ɗaga ƙotar ke nan, Afiniki ta shigo da ƙunshin kayanta a ka.

Ta ce, "Maigida, sauke sandan nan."

"Matsa! Ta kashe mini ɗaya, ta shanye rabonsu kwana uku!"

"Ita ta zuba a kasko ɗaya?"

Ya sauke ƙotar.

Ta sauke kayanta, ta ce, "Shekara sha ɗaya kana zuba mata a kaskon nan tana shanyewa kana ce mata madalla. Yau ta yi abin da ta saba, ka ɗauko mata ƙota? Wa ya gaya mata ƙa'idar gidan ubanka? A cocinmu aka yi mata baftisma? Kai da ke da ido biyu lafiyayyu ba ka ga waɗannan ba sa gani ba, sai ita za ta gani?"

Ya ce, "Ai na ba su. Kullum ina ba su."

"Ka ajiye dai, ka tafi. Kawo ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ka bar ni da surutu."

Mutumin nan da ba ya son a koya masa tsari a gidansa, ranar ya durƙusa a madafa gwiwa biyu, matarsa na nuna masa. Ya tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi yana goge kwantsar a hankali, a hankali, har idon ɗaya ya buɗe. Ya share musu hanci, gama kyanwar da ba ta jin ƙamshi ba ta neman abinci. Ya tsoma bakin wani tsumman a madara mai ɗumi yana ɗiga musu a baki ɗigo-ɗigo. Rabi na zubewa a hannunsa, rabi na shiga. In ya gama da wannan ya ɗauki wancan, kafin ya miƙe bayansa lokacin na farko ya sake yi. Ana tsakiyar noma ne, ciyawa na cin gonarsa, maƙwabta na wucewa suna tambaya ko lafiya. Kwana shida bai taka gona ba. Gwaggo kuwa aka ci gaba da zuba mata nata a wurinta, ba a rage mata ko cokali ba, sai dai an rufe mata ƙofar madafa har murar ta wuce.

Biyun nan suka rayu. Na ukun yana bayan gidan a cikin rami.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, kuma ku buɗe kunne, don ba da mutanen wani gari nake ba.

Manomin nan mu ne, masu riƙe da ikilisiya: fasto, dattawa, malaman makarantar Lahadi, shugabannin zumunta, har da ni mai maganar nan. Gwaggo ita ce tsofaffin masu bi, waɗanda suka daɗe suna tsare gidan nan. 'Yan kyanwan su ne raunana da Ubangiji yake kawo mana a jiƙe: sabon tuba da bai san inda zai buɗe a Littafi Mai Tsarki ba, mutumin da ya bar giya makon jiya hannunsa na rawa har yanzu, matar da ta dawo bayan shekara biyar kanta a sunkuye don kunya.

Muna karɓarsu da tafi. Mu ce su miƙe a gan su, mu rera musu waƙar maraba. Sa'an nan me? Mu ce, "Ƙofa a buɗe take, wa'azi ɗaya ne na kowa, mu ba ma nuna bambanci." Kai, wannan magana tana ƙona mini rai! Kasala ce muka sa wa rigar adalci. A ajin nazari wa ke amsa tambaya? Waɗanda suka sani tun suna yara. Wa fasto ke kai wa ziyara? Waɗanda ya san hanyar gidansu. Sabon ya buɗe baki ya yi tambaya a karkace, wani ya yi tsaki sau ɗaya daga bencin gaba, shi ke nan, ba zai ƙara ba. Mu kuwa mu ga sujada ta yi armashi, an tashi ana yaba wa'azi, mu shafa gemu mu ce kowa ya ƙoshi. Bayan wata biyu wurinsa ya zama wayam, sai ka ji an ce, "Da ma ba da gaske ya tuba ba." Ƙarya ne! Yunwa ce ta kashe shi a tsakiyarmu, muna tsaye.

In kuma asiri ya tonu, sai mu rarumi ƙota mu nufi tsofaffi, wai su suka cinye coci. A'a. Ku bar iyayenmu su ci rabonsu da mutunci, sun yi wahalarsa. Wanda ya fi su sanin abin da ake ciki, ya ajiye ya tafi, shi za a tambaya.

Marar lafiya ba a ajiye masa abinci a wuce. Durƙusawa ake yi, a ɗauke shi a hannu, a share masa ido, a ɗiga masa daidai abin da maƙogwaronsa zai iya haɗiyewa, yau da gobe da jibi, ko da gonarka za ta yi ciyawa. Haka Ubangijinmu ya yi da kowane ɗayanmu, in mun manta.

Kowannenku ya san wani da ya yi Lahadi uku bai zo ba. Kada ka ce mini ba ka sani ba, sunansa ya riga ya faɗo maka a rai tun ina magana. In an tashi yau, kafin ka sa hannu a tuwon rana, je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wataƙila yana numfashi har yanzu.