Bushiya da Ƙwan Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara rani ya yi tsanani, ruwan daji duk ya ƙafe, saura tafki ɗaya. Sai Kada, uwar mugunta, ta tare mashaya. Ta ce, "Ba mai sha sai ya faɗi yawan ƙwan da na binne. In an ninka su biyu, aka ƙara uku, sun zama goma sha bakwai."

Sai Zomo, sarkin gaggawa, ya ce, "Goma!" Kada ta kai masa cafka, ta guntule masa wutsiya.

Sai Biri ya zo yana taƙama, ya ce, "Ai na ji da kunnena, goma sha bakwai ne!" Kai, Biri, ji ba fahimta ba ne! Da ƙyar ya tsira daga bakin Kada.

Sai ga Bushiya, 'ya'yanta na biye suna kukan ƙishi, hankalinta a tashe. Amma ba ta yi gaggawa ba. Ta ce, "Abin da ban sani ba, ƙoƙo zan kife a madadinsa. Kin ce an ninka biyu, ga ƙoƙo biyu. Kin ce an ƙara uku, ga tsakuwa uku." Sai ta ja layi a yashi, ta ce, "Inda kika ce sun zama, nan ne layin. Hagu da dama daidai suke." Ta zuba tsakuwa goma sha bakwai a ɗaya gefen.

Ta kwashe uku nan, ta kwashe uku can. Saura goma sha huɗu, ta raba wa ƙoƙo biyu. Ta ce, "Bakwai ne, ranki ya daɗe."

Kada ta ji haushi, ta murtuke fuska. Ta ce, "Ƙarya kike, takwas ne!"

Bushiya ta ce, "Madalla. Tono su a ƙirga gaban jama'a. Ga Guza nan ma zai taya ki."

Guza kuwa, kun san shi da ƙwai. Har ya fara lasar baki.

Kada ta yi tsalle ta ce, "Bakwai ne! Wallahi bakwai ne! Ku sha!"

'Ya'yan Bushiya suka sha har ciki ya cika dam.

To, yara, in aka ba ku lissafi a cikin zance, ku warware shi gaɓa-gaɓa, kada ku yi cinke.

Kurunkus kan guza!