Irin Kindirmon Inna Tabawa

An yi wani sarki a ƙasar Gwarmai, sunansa Badamasi, wanda amai da gudawa suka raba shi da ɗansa. Da likitan fada ya nuna masa ƙananan halittun da ke yawo a ɗigon ruwa ta madubi mai ƙara girman abu, sai baƙin cikinsa ya zama doka: duk abin da ke ɗauke da su a tafasa ko a ƙone, wanda ya ɓoye kuwa a kore shi daga ƙasar.

Ranar Talata, tara ga Safar, gari ya waye da hadarin da ya ƙi zubowa, dogarai suka gurfanar da Inna Tabawa mai nono. An kama ta da irin kindirmo, wato tsohon tsamin da ake ɗigawa a madara don ta kama.

"Ranka ya daɗe, daga hannun kakata ya zo," in ji ta. "Na kowa an zubar. Shi kaɗai ya rage."

Sarki ya dubi Alƙali Zubairu. "Malam, ka yi hukunci. In ka wanke ta babu hujja, tare za ku fita ƙofar gari."

Alƙali ya sa aka kawo ƙorai biyu na tafasasshiyar madara. Ya ɗiga irin tsohuwar a ɗaya, ya ɗiga ruwan rijiyar da ɗan sarki ya sha a ɗayar, aka rufe da faifai a gaban sarki.

Washegari aka buɗe. Mai irin tsohuwar ta kama, tana ƙamshi. Mai ruwan rijiyar kuwa sai da fadawa suka toshe hanci.

"Allah ya ba ka nasara," in ji alƙali, "madubi zai nuna maka halittu a duka biyun, ya ce iri ɗaya ne, alhali iri-iri ne. Mai kisan yana rijiya, a rufe ta. Wannan kuwa da shi aka dama wa marigayi fura tun yana rarrafe, kuma in aka zubar da shi yau, duk ikonka ba zai sake halittarsa ba."

Sarki ya ce a miƙo ludayi. Ya kurɓi kindirmon, idonsa ya ciko.

"Da yatsa ɗana yake suɗe ƙwaryar," ya ce a hankali.

Ya yafa wa alƙali alkyabba, ya roƙi Inna Tabawa ta rarraba irin gida-gida, don kada ya sake rataya a hannu ɗaya. Sa'an nan ya ce wa fadawa, "Mai mulkin da ya hallaka dangi saboda laifin ɗayansu, asara ya ƙara, ba adalci ya yi ba."