Kafur ɗin Likkafanin Sarki

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, mai ƙarfin mulki da yawan fahariya. Abu biyu ba sa barin bakinsa: cewa ko allura ba ta ɓata a gidansa, da cewa asu ba ya cin tufafinsa saboda kwarjininsa. Fadawa kuwa, ka san halinsu, sai su ce, "Hakika, ranka ya daɗe, har ƙwari sun san girmanka!"

Mai tsaron ɗakin tufafin wani dattijo ne, Jatau, shekara talatin makulli na rataye a wuyansa. Ba shi da gona, ba shi da doki, amma in ya ratsa kasuwa sai a ce, "Ga mai amana nan." Wannan kalma ita ce dukiyarsa, kuma yana ji da ita ƙwarai.

Wata shekara fatake suka kawo wa sarki dunƙulen kafur fari fat, ya kai ƙwan jimina. Sarki ya sa shi a akwatin katako, ya ce a ajiye cikin rigunansa, don likkafaninsa ranar da ta Allah ta kasance.

Bayan shekara bakwai aka yi manyan baƙi, sarki ya so ya burge su, ya sa Jatau ya kawo akwatin. Da aka buɗe, wayyo, abin da ya rage bai fi ƙwayar gyaɗa ba!

Sarki ya fusata ya ce, "Kayan kabarina ka sata, Jatau? Bayan la'asar a yanke hannunsa!"

Jatau ya rantse, ba wanda ya saurare shi. Wallahi ba hannun ne ya fi ƙona masa rai ba, sunan ɓarawo ne, da furfurarsa.

A bakin zaure kuwa akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai haɗa wa matan gidan turaren wuta. Ta matso ta durƙusa ta ce, "Ya sarki, ina da tambaya uku. Da me ake tsare dutse?"

Sarki ya ce, "Ba ya bukatar tsaro. Inda ka bar shi nan za ka same shi, yadda yake."

"Ruwa fa?"

"Sai da tulu. In babu ya malale, kuma kowane mazubi ya samu, kamarsa yake ɗauka."

"To hayaƙi?"

Sarki ya yi dariya ya ce, "Haba tsohuwa, wa ke tsare hayaƙi? Ko kafar allura ya samu zai fice ya cika ɗaki."

Tabawa ta ce, "Madalla. A ba ni guntun nan."

Ta sa kafur ɗin a kasko, ta aza kan garwashi mai sanyin wuta, ta rufe da tasa mai ruwan sanyi. Jatau na kallo. Can ta ɗaga tasar. Kasko wayam, ba ko ɗigo a ciki, amma ga farin gari manne a gindin tasa.

Ta ce, "Ya sarki, man shanu in ya ji zafi sai ya narke tukuna. Kafur ba ya tsayawa a wannan zango, daga dunƙule sai iska. Yau tasa ta tare shi. Shekara bakwai kuwa ba abin da ya tare shi, yana ta sulalewa ta tsagar akwatinka."

Sarki ya ce, "To ina ya tafi?"

"Shinshina hannun rigarka."

Sarki ya kai riga hanci. Sai ga ƙamshin kafur.

Tabawa ta ce, "Kayan da kake nema a jikinka suke, ranka ya daɗe. Kuma ka gafarta mini, ba kwarjininka asu ke gudu ba, wannan ƙamshin ne."

Kunya ta rufe sarki a gaban baƙinsa. Sai ya miƙe ya tuɓe rigar, ya sanya wa Jatau da hannunsa, ya ce, "Baba Jatau, na zalunce ka, ka yafe mini."

Jatau ya gyara makullin a kan sabuwar rigar, ya ɗaga kai, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Na yafe, ya sarki. Amma a gaban jama'a aka kira ni ɓarawo, a gaban jama'a za a wanke ni."

Ran nan sanƙira ya zaga kasuwa yana shelar amanar Jatau. Sarki kuma ya sa aka rubuta a ƙofar majalisarsa: "Mai hukunci, shinshina rigarka kafin ka nemi hannun wani."