Abin Da Aka Faɗa Wa Goggo Yelwa A Bakin Ƙofar Awo

Akwai wata baiwar Allah a Turawa ta ƙasar Karaye, sunanta Maijidda. A wajajen 1994 ta samu cikin fari.

Kun san kunyar ɗan fari a wancan zamanin. Ko ciki ya kai bakin ƙofa kafin mai shi, ba ta yarda ta ce akwai shi.

Goggonta Yelwa ce ta raine ta tun rasuwar uwarta, kuma ita ce ungozomar unguwa. Wajen cika baki kuwa, ni kaina na sara mata. Ko maigari ya wuce sai ta ce, "Wannan? Ni na yanke masa cibiya, kuka yake kamar ɗan akuya."

Da ciki ya shiga wata takwas, ƙafafun Maijidda suka kumbura, motsin ɗan ya ragu. Mijinta Shitu ya ce a je awo asibitin Karaye.

"Ni zan kai ta," in ji Goggo. "Ka taɓa ganin inda miji ya bi mata awo?"

Malama Saude mai awo ta auna jininta, ta gwada fitsari, ta ɗora ɗan ƙahon nan na jin bugun zuciyar ɗa a kan cikin ta kara kunne. Ta daɗe tana saurare.

"Yaushe rabon da ki ji motsinsa?"

Maijidda ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai Malama ta ja Goggo bakin ƙofa, suka yi magana ƙasa-ƙasa.

A mota Maijidda ta daure ta ce, "Goggo, me ta ce?"

"Lafiya lau. Gishiri kawai za ki rage. Yarinyar da ko goyo ba ta taɓa yi ba, me ta sani?"

Hankalin Maijidda ya kwanta. Goggo ba ta taɓa yi mata ƙarya ba.

Bayan 'yan makonni naƙuda ta zo da jijjiga. Goggo ta yi jiƙo, ta yi tofi, abu ya gagara. Shitu ya tare motar da ta ɗauko gyaɗa daga Rogo, aka kwashi Maijidda sai Karaye.

Malama Saude ta sake ɗora ƙahon. Ta matsar da shi nan, ta matsar can. Sannan ta ɗago ta dubi Shitu.

"Me suka ce muku a Kano?"

"Wane Kano, Malama?"

"Na ce da Goggo jinin matarka ya hau, bugun zuciyar ɗan kuma bai yi mini ba. Na ce a kai ta Kano a ɗauki hoton cikin a satin da suka zo awo."

Maijidda na kwance, amma ta ji komai. Ta juya ta dubi Goggo.

"Da an je, yanka ki za su yi," in ji Goggo. "Ni da na karɓi haihuwar rabin Turawa, a ce tawa 'yar a hannun wasu za ta haihu?"

Allah ya tsallakar da Maijidda. Yaron, namiji, bai zo da rai ba.

Da aka koma gida, Goggo ta dafa ruwan wankan jego, ta shigo da ganye a hannu.

"Tashi, 'yar nan. Haƙuri za ki yi, wani na tafe."

Maijidda, wadda wata tara ba ta taɓa ambaton cikin nan ba, ta yaye mayafinta a gaban matan da suka zo jaje.

"Ɗana ne, Goggo. Ɗana na fari. Ke kaɗai aka faɗa wa."

Ruwan nan a tukunya ya huce.

Tun daga shekarar, matan unguwar in sun je awo su kaɗai suke shiga. Goggo kuwa ta daina lissafin cibiyoyi.

Darasi: Rai na hannun Allah, amma sakamakon awo haƙƙin mai ciki ne. 'Yar'uwa, ki ajiye kunya a bakin ƙofa, ki ji da kunnenki. Wanda kuma aka ba saƙon lafiyar wani, amana ce, kada girman kai ya sa ya haɗiye. Ku tura wa duk mai ciki da kuka sani, har da masu raka su.