Dusar Kaza

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

Kaza ce mai sayar da fura, ga tsafta ga faɗa. Wata shekara da kaka, ta sayi gero wurin Zomo, ta ga duk ƙwayar ta motse. Ta yafa gyale, sai gonarsa.

"Malam Zomo, wannan gero ne ko yashi? Sunana zai ɓaci a kasuwa. Sai ka sake mini."

"Hajiya, gonar ce ba ta samu taki ba. Akuya ta daina kawowa."

Kaza ta zarce turken Akuya. "Ke, ina takin Zomo?"

Akuya ta ɗago kai, duk ta rame. "Yaya, me na ci da zan yi taki? Dusarki na saba ci. Tun bara kika ce ƙazanta ce, kike zubarwa a rafi."

Kaza ta hau tona ƙasa.

Daga ranar, da kanta take kai dusa turke. Akuya ta murmure, gona ta sha taki, gero ya cika, fura ta yi gardi. Har yau Kaza tana faɗa, amma da mai zubar mata da dusa.

Ƙurunƙus, kan ɓera a turmi.