Motar da Ba Ta Buge Kowa Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, domin in na faɗa wasunku za su fara laluben dangi a cikin labarin. Sunansa Lurwanu. Ku matso. Na baya ku bar hira haka, maganar nan taku ce, musamman ku samarin da sabon lasin ke aljihunku.

Lurwanu saurayi ne, gemu bai gama tsiro masa ba mahaifinsa ya rasu. Mahaifin direba ne, kuma abin da ya bari a duniya bai wuce wata tsohuwar mota fara ba, mai jigilar fasinja zuwa kasuwannin ƙauye. Ita ce abincin gidan. In ta fita an ɗora tukunya, in ta kwana a ƙofar gida uwa da ƙanne sun kwana da yunwa. Lurwanu ya iya tuƙi tun a hannun mahaifinsa, ya je ya yi gwaji aka ba shi lasin. Saura abu guda, inshora, domin hukuma ta ce mota ba ta hawa titi sai da ita.

Ban zo yi muku fatawa a kan inshora ba yau. Abin da nake so ku riƙe shi ne amfaninta: ka ba kamfani wani abu duk shekara, ranar da tsautsayi ya sa ka buge mutum, su ɗauki nauyin maganinsa. Don wannan aka yi ta. Don mutumin da ke tafe a gefen titi, wanda bai san ka ba, bai ci maka komai ba.

Lurwanu ya wanke rigarsa, ya shiga ofis ɗin farko. Aka ce, "Shekarunka nawa?" Ya faɗa. Aka ce, "Yaushe ka karɓi lasin?" Ya ce bana. Aka ce, "Motar ta haya ce?" Ya ce ta haya ce. Sai aka faɗa masa kuɗin da ya sa ya nemi wurin zama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai babana bai taɓa biyan haka ba." Aka ce, "Babanka dattijo ne. Ku samari ku ne masu gudu." Ya je na biyu, haka. Ya je na uku, har ya fi. Yaron da ko kaza bai taɓa takewa ba, an riga an ɗora masa laifin 'yan'uwansa.

Yana da kawu, ƙanin mahaifiyarsa, ana ce masa Haladu. Shi ma yana da mota a tasha, ɗansa Shitu ke tuƙa ta. Da Kawu Haladu ya ji labari sai ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro ne. Wa ya ce maka ana shiga ofis? Taso mu je."

Ya kai shi gindin wata darbejiya, wajen wani mutum mai suna Nababa, yana zaune a benci da jaka cike da takardu da hatimi iri-iri. Nababa ya zaro wata takarda mai kyau, mai tambari, ya ce, "Ga ta nan. Ko a ina aka tare ka, a gani a ce wuce. Kuɗinta bai kai na abincin ranarka ba."

Lurwanu ya juya takardar, ya ce, "Malam, in na buge mutum fa, wa zai biya?"

Nababa ya dubi Haladu ya ce, "Wannan ɗan naka lafiyarsa ƙalau? Mutum bai hau titi ba ya fara yi wa kansa mugun fata?"

Haladu ya ce, "Karɓi kawai. Duk tashar nan ita muke riƙewa. Ita ce a motar Shitu."

Lurwanu ya ajiye takardar a kan benci ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ni wadda za ta biya nake nema."

Ku saurara, jama'a. Yaron nan ya lulluɓe motar mahaifinsa da tamfol a ƙofar gida, ya tafi tasha ya zama yaron motar wani. Mai mota sukutum, yana ɗaura buhuna a saman motar wani, yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe. Duk ranar da babu kasuwa ya ci gaba da yawon ofisoshi, har Allah ya haɗa shi da wata ma'aikaciya a wani ƙaramin ofis a saman wani kanti. Ita ce ta zaunar da shi ta ce, "Ƙanina, akwai ƙarama. Ba ta gyara motarka in ta lalace, amma tana biyan wanda ka ji wa ciwo. Ita doka ta tilasta, kuma ita ce daidai ƙarfinka. In ka shekara ba ka yi ɓarna ba, a duba maka ragi." Ya ce ita yake nema. Ya yi damina guda yana tarawa, ya biya, ya yaye tamfol.

A tasha suka sa masa suna Alhaji Inshora. In ya shigo a ce, "A ba Alhaji Inshora hanya, mai kuɗin zubarwa!" Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa Shitu ne, ɗan kawunsa.

Ana nan, ana nan, ran wata kasuwa da hantsi, Shitu ya cika mota ya ɗauki hanya. Ya zo wuce wata babbar mota a kan kwana, sai ga wani dattijo a kan keke, Malam Jibo, mai kai burodi ƙauyuka. Ya kwashe shi. Cinya ta karye wuri biyu, ƙashi ya huda fata. A asibiti aka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma da gaggawa, in ba haka ba ƙafar za ta ruɓe a yanke ta. Aka tsare Shitu. Haladu ya ɗauki takardarsa ya ruga kamfanin da sunansa ke jiki, suka duba suka ce ba su san ta ba, ba tasu ba ce. Ya ruga gindin darbejiya. Benci na nan, Nababa ba ya nan.

Bayan la'asar sai ga Haladu a gidan su Lurwanu. Ya zauna a tabarma, ya sa aka kira 'yar'uwarsa, ya sassauta murya. Mutumin da bai taɓa kiran yaron nan da komai ba sai "kai yaro", yau shi ne ke cewa "ɗana".

Ya ce, "Ɗana, Allah ne ya sa ka yi inshora ta gaske, ashe rabonmu ne. Motarka fara, ta Shitu fara. Babu wanda ya riƙe lamba. Na riga na gana da waɗanda ya kamata a gana da su. Za mu ɗan lotsa gaban taka da guduma, ka ce kai ne ka buge shi. Kamfani ya biya asibiti, a saki ɗan'uwanka, kai kuma 'yar tara ce, ni zan biya."

Lurwanu ya ce, "Kawu, za a sa ni rantsuwa?"

Ya ce, "To mene ne? Ka rantse, daga baya ka yi kaffara."

Kun ji? Kun ji abin da dattijo mai furfura ya faɗa wa maraya? Ka rantse ka yi kaffara! Kamar sunan Allah riga ce da za a ɓata a kai wa mai wanki! Shi ya sayi ƙarya da araha, shi ya ɗora ɗansa a kanta, yau ƙaryar ta karya ƙafar bawan Allah, kuma maganin da ya gani shi ne a ƙaro wata ƙaryar, a shafa wa wanda ya ƙi ta tun farko.

Uwar Lurwanu na gefe tana hawaye. Ta ce, "Lurwanu, ɗan'uwana ne. Cikinmu ɗaya."

Nan ne gwajin yake, jama'a. Da Nababa ne ya roƙe shi, da sauƙi. Uwa ce. Lurwanu ya ce, "Inna, ki yafe mini. Kawu, motata ba ta buge kowa ba. Kuɗin kamfanin nan na mutanen da suka biya ne, ba namu ba ne. Ba zan rantse a kan abin da ban yi ba."

Haladu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mara zumunci! Ɗan'uwanka na tsare, tsoho zai rasa ƙafa, kai kana nan kana mana malanta. In aka yanke ƙafar nan, kai ka yanke ta!" Ya fita yana kaɗa riga. Kafin gari ya waye zance ya cika tasha. Mutanen da kowannensu ke yawo da takardar Nababa a mota, su ne suka daina amsa sallamar Lurwanu. Su ne masu tausayi yanzu, shi ne mugu.

Lurwanu bai fita aiki ba ran nan. Ya tafi asibiti, ya sami Malam Jibo a kwance, ƙafar ta kumbura, ɗakin har ya fara wari. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ɗan'uwan wanda ya buge ka ne. An ce in ce ni ne, don kamfanina ya biya maka aiki. Na ƙi. Na zo in faɗa maka da bakina."

Kuna zaton tsohon ya sa masa albarka? A'a. Mutum ne, kuma ciwo na cin sa. Ya dube shi ya ce, "To, gaskiyar taka ce za ta ɗora mini ƙafa? Ina da 'ya'ya, yaro. Da ƙafar nan nake ciyar da su. Tashi ka ba ni wuri."

Lurwanu ya fito. Ya tsaya a bakin asibiti yana kallon motar mahaifinsa. Ya gane cewa in ya tsaya a kan "ban yi ƙarya ba" kawai, ya wanke kansa ne, amma tsohon na nan a kwance. Ya koma gida ya ce, "Inna, motar nan gadonmu ce, ba tawa ni kaɗai ba. Ina so in sayar a yi wa mutumin nan aiki. Rabon ƙannena yana wuyana, zan yi ƙwadago in mayar musu." Uwar ta ce, "Jinina ne ya ja wannan. Je ka."

Ya kai mota wajen dillalai. Da suka gane a matse yake, sai suka haɗa baki suka karya farashinta. Wannan ya ce inji ya gaji, wancan ya ce ƙasanta ya yi tsatsa. Sun san kuɗin asibiti ne, wallahi sun sani, kuma suka taya ta kamar ta fito daga juji. Ya sallama. Ya ɗauki kuɗin bai ko biya gida ba, ya kai asibiti. Aka yi aiki, ƙafa ta tsira. Da iyalan Malam Jibo suka ga an ɗauki nauyin magani, suka yarda da sulhu, aka saki Shitu.

Kun san abin da Haladu ya ce? Ya ce, "Taurin kai ne ya ja masa. Da ya bi shawarata, da motarsa na nan." Ko sannu bai zo ya yi ba. Motarsa shi kuwa tana nan, aka gyara gabanta, ta koma hanya.

Na ga wasunku na jira in ce wani attajiri ya ji labari ya ba Lurwanu motoci goma. Ba a ba shi ba. Direban wasu ya zama, yana kai wa mai mota balas, wato kuɗin yini, da yamma kamar kowa, da haka ya riƙe uwarsa, ya biya ƙannensa haƙƙinsu. Abin da ya samu shi ne, wata rana yana wanke motar ubangidansa, sai ga wani tsoho yana ɗingishi da sanda, yana tambayar ina Lurwanu. Malam Jibo ne. Ya kama hannunsa a gaban duk 'yan tasha ya ce, "Yaro, ranar nan na so ka yi ƙarya, kuma na kore ka. Ka yafe mini. Sai daga baya na ji abin da ka sayar. Ga ƙafar, da ita na zo." Waɗanda suka daina amsa masa sallama kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tashi da shi. Araha ba laifi ba ce. Ku nema, ku zaga, ku tambaya, ku sayi daidai ƙarfinku. Amma arahar da aka gina a kan ƙarya, ba ragi aka yi maka ba, wani ne zai biya, kuma da jikinsa zai biya. Ku iyaye da kawunai, ku ji tsoron Allah, ku daina kama hannun yara kuna kai su wajen 'yan damfara kuna kiran abin wayo. Ku daina ɗaukar zumunci kuna shaƙe mai gaskiya da shi. Kai kuma da Allah ya tsare ka daga ƙarya, kada ka tsaya nan kana jin daɗin tsarkinka, duba wanda ke kwance ka ga me za ka iya.

Da yawanku da mota kuka zo, wasu da babur. In mun idar, kowa ya buɗe inda yake ajiye takardunsa ya duba. Kai ka san inda ka samo takardar inshorarka, ba sai na tambaye ka ba. Sannan ka dubi titin da za ka bi zuwa gida. Akwai tsoho a kan keke, akwai mace da goyo, akwai yara masu tsallakawa. In Allah ya ƙaddara a kan ɗayansu yau, me za ka miƙa masa? Allah ya tsare mu, ya tsare mutane daga gare mu.