Hoton da Aka Ce a Goge

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba ta Gizo da Ƙoƙi ba ce, ta mutane ce irinmu, kuma idan na kai ƙarshenta ku ne alƙalai.

A garin Haɗeja an yi wasu aminai huɗu da son ɗaukar hoto ya haɗa. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Akwai Ya'u, malamin dabbobi, mutum mai zafin zuciya da son abu ya fita tsaf. Akwai Datti, tela, wanda ko ƙyallen da ya faɗo daga bakin almakashi ba ya yarwa. Akwai Sabi'u, malamin firamare, wanda ya fi kowa rashin iya hoto, don sau da yawa yakan yanke wa mutane kai ko ƙafa, amma Allah ya ba shi riƙe zance. Na huɗunsu Haladu, ma'aikacin gidan ruwa, shi ya koya wa sauran riƙe kyamara.

Kowace Asabar bayan la'asar sukan haɗu a rumfar shagon Datti. Kowa ya zo da abin da ya ɗauko a makon, na suna, na ɗaurin aure, na kasuwar kifi, na wata tafiya. Datti ya juye su a tsohuwar kwamfutarsa, a kewaye ta a yi ta gardama. Wannan haske ya yi masa yawa. Wancan an makara da ƙiftawar ido. Wane ne ya sa ango ya fito kamar wanda aka kawo wa sammaci? Shekara goma sha ɗaya suna haka.

Shi Haladu kuwa ba ya shiga hoto. Duk taron da aka je, shi ne mai jera mutane, shi ne mai cewa na baya su ɗago, na gaba su durƙusa. Idan aka ce ya shigo sai ya ce, "In na shiga, wa zai ɗauka?" Idan wani ya auna shi da waya, sai ya kare fuska da kyamararsa yana dariya. Tun ana matsa masa har aka saba, aka bar shi.

Wata Laraba zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar Juma'a aka yi masa sutura.

Bayan sadakar bakwai, mahaifiyarsa Iya Hansai ta aika a kira mata abokansa uku. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, kuma ciwon ido ya ci ƙarfinta. Likita ya riga ya gaya wa iyali cewa irin nata ba ya jin aiki, ganin zai yi ta tsukewa har ya rufe. A lokacin kamar ta cikin kafar ƙofa take hangen duniya.

Suka durƙusa suka gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce:

"'Ya'yan nan, abokinku ɗan fari ne. Kun san al'ada. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na ƙare masa kallo ba. In ya shigo gaishe ni, kai nake kawarwa. Shekara hamsin da bakwai ina jin kunyarsa, ina cewa ai yana nan. Yanzu in na rufe ido, yaron da na goya nake gani, dattijon ya ƙi zuwa. An kawo min hoton jikin katin aikinsa, ya ɗaure fuska kamar mai karɓar haraji, wannan ba shi ba ne. Ku ne masu hoto. Ku nemo min fuskarsa in kalla, tun kafin a kashe min fitila."

Suka ce, "Iya, wannan ai mai sauƙi ne."

Ashe ba mai sauƙi ba ne. Suka duba wayoyinsu, suka zazzage akwatuna, suka bi gidajen da aka yi bukukuwa. Aka sami ƙeyar Haladu, aka sami gwiwar hannunsa, aka sami inuwarsa a ƙasa, aka sami hularsa a saman kyamara. Fuskarsa babu. Datti ya buɗe kwamfutarsa yini guda, ya gaji, ya rufe ya ce, "Babu."

Ya'u ne abin ya fi ci, domin shi ya san an taɓa samun hoton, kuma ya san wanda ya sa aka hallaka shi.

Shekara shida kafin nan sun shiga kwalekwale a fadama don ɗaukar tsuntsaye. Ya'u ya yi kaka uku yana farautar hoton gauraka, bai dace ba. Ran nan sai ga guda biyu a kan tudu, sun buɗe fiffike za su tashi. Ya saita, ya riƙe numfashi. Daidai lokacin da ya danna, gorar mai tuƙi ta kafe a laka, jirgin ya karkata, Haladu ya faɗo gaban kyamarar yana ƙyalƙyala dariya. Gaurakin suka tashi. Ya'u ya daka masa tsawa a gaban kowa: "Wa ya ce maka fuskarka na zo ɗauka? Kai dai ba ka iya komai ba sai ɓata wa mutane abu!" Da Asabar ta zagayo hoton ya fito a kwamfuta, sauran suka fashe da dariya, Ya'u kuwa ya ce, "Datti, goge shi." Datti ya ce, "Na goge."

Wannan magana ita ta hana Ya'u sakat. Yana cikin yi wa saniya allura sai ya ji muryarsa tana cewa wa ya ce maka fuskarka na zo ɗauka. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya kasa faɗa wa kowa, don a ganinsa faɗar ba ta dawo da abin da aka goge, sai dai ta tona asirinsa. Ya rataye kyamararsa a ƙusa, ya daina zuwa rumfa.

Sati biyar aka yi haka. A sati na biyar jikar Iya Hansai ta gamu da Sabi'u a hanya ta ce masa idon dama ya rufe, saura na hagu. Sabi'u bai ko ƙarasa gida ba. Ya biya ya ɗauko Ya'u, suka sami Datti a kan keken ɗinki.

Sabi'u ya ce, "Ku yafe min, akwai maganar da na danne. Malam Ya'u, hoton fadama. Na san kana tune da shi."

Ya'u ya sunkuyar da kai ya ce, "An goge."

"Ba a goge ba. Ina tsaye a bayan Alhaji Datti ran nan, ina kallon hannunsa. Bakinsa ne ya goge, yatsansa bai taɓa komai ba."

Datti ya tsayar da keke. Ya ce wallahi shi bai ma tuna da wani hoton fadama ba, amma gaskiya ne, bai taɓa goge hoton kowa ba. Duk wanda ya ce a goge, yakan amsa masa da to, ya ture hoton gefe.

Ya'u ya ce, "Kuma ka sani tun ranar da Iya ta kira mu?"

Sabi'u ya ce, "Na sani. In na faɗa, na tona maganar da ka yaɓa wa mamaci, na kuma mai da Alhaji maƙaryaci a gabanka. Na yi ta jira ko ɗayanku zai fara." Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai saura. Da muka tashi ran nan, ni da marigayi muka bi hanya ɗaya. Ya ce min, 'Da an bar min shi, da na kai wa tsohuwa.' Na yi dariya, na ɗauka wasa yake."

Babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Sai aka shiga nema, nan ma wani aiki ne. Hotunan da Datti ya tara sun fi dubu arba'in, ba suna, ba tsari, agogon kwamfutar kuma ya daɗe da rikicewa, kowane hoto kwanan wata ɗaya yake nunawa. Kamar neman allura ne a cikin rumbu. Sabi'u ne ya zame musu kalanda. Ya ce an yi tafiyar fadama bayan auren 'yar Datti ta biyu, kafin sunan jikan limamin unguwa, a shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa. Suka yi ta bin bukukuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan amarya kafin waccan, wannan jariri bayan wancan. A kwana na tara da hantsi, sai ga Haladu ya cika fuskar kwamfutar: hula ta karkace, baki buɗe, wushiryarsa a waje, idanunsa sun ƙanƙance don dariya. A can saman kafaɗarsa ana ganin gefen fiffiken gauraka.

Ya'u ya tashi ya koma bayan shago. Da ya dawo, gaban rigarsa a jiƙe yake.

Su uku suka hau mota zuwa Kano, aka wanke musu shi babba, faɗinsa ya kai faifai biyu. Washegari suka kai wa Iya Hansai. Aka fito da ita tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ta riƙe hoton daf da idonta na hagu. Ba ta iya ganinsa gaba ɗaya, sai ta riƙa zagaya shi a hankali, goshi, sannan ido, sannan hanci, sannan baki, kamar mai karatun allo. Ta daɗe a kan bakin.

Ta ce, "Ashe wushiryar ubansa gare shi." Can kuma ta ce, "Wa ya ba shi dariya haka?"

Ya'u ya matso ya durƙusa. Ya gaya mata komai, har maganar da ya faɗa a cikin jirgi, bai rage ko harafi ba. Datti ya faɗi nasa, Sabi'u ya faɗi nasa. Tsohuwa ta saurare su ba ta sauke hoton ba. Da suka gama ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni da na haife shi na kawar da kai, wa zan tuhuma?" Daga nan ta kai bakinta kusa da takardar, ta kira sunansa a hankali, sau ɗaya.

Kwana goma sha biyu ta yi tana fitowa rana da hoton. A na goma sha uku ta ce a mai da ita ɗaki, duhu ya gama rufewa.

Bayan haka ta sa aka ɗauko kyamarar Haladu, wadda ya fi ƙauna a duk abin da ya mallaka, magada kuma suka yarda. Ta ce, "Kyamara ɗaya ce, ba ta rabuwa uku. A ba wanda ya dawo min da fuskar abokinku."

To, a nan magana ta tsaya.

Ya'u shi ya ɗauki hoton. Ba don ya yi kaka uku yana bin gauraka ba, ba don yatsansa ya danna a wannan ƙiftawar ba, da babu abin da za a ajiye, babu abin da za a tuna. Amma ba da niyya ya ɗauka ba, ya bi shi da baƙar magana, kuma da bakinsa ya ce a goge. Da ya bari, da Haladu ya kai wa mahaifiyarsa da hannunsa tun idanunta biyu garau.

Datti shi ya ajiye. Ba don ya ƙi bin umarnin mai hoto ba, da an shafe fuskar nan tun shekara shida. Amma da ƙarya ya ajiye, bai san ma abin da ya ajiye ba, kuma ranar da tsohuwa ta roƙa, yini ɗaya ya duba ya ce babu, alhali abin yana ƙarƙashin hannunsa.

Sabi'u shi ya tuna, shi ya buɗe baki, shi ya nuna hanya a cikin dubu arba'in. Ba don shi ba, da hoton yana nan kwance har kwamfutar ta mutu da shi. Amma ya ji buƙatar Haladu da kunnensa ya mai da ita wasa, kuma kara ta sa ya yi shiru sati biyar, har ido ɗaya ya tafi. Da ya yi magana da wuri, da Iya Hansai ta ga fuskar ɗanta a dunƙule, ba gutsure-gutsure ba.

Ya'u ya ce shi hannunsa ba zai iya ɗaukarta ba, a ba Datti. Datti ya ce maƙaryaci ba ya cin ladan gaskiya, a ba Sabi'u. Sabi'u ya ce wanda ya ci wa tsohuwa sati biyar na gani ba shi da bakin karɓar kyauta, a ba Ya'u. Iya Hansai kuwa ta ce ita ta riga ta furta, ba ta mayar da kyauta, kuma ba ta son ta koma ga Allah da alkawari a wuyanta. Kullum aka shiga gaishe ta sai ta tambaya ko an ba mai ita.

To jama'a, ga mai ɗauka, ga mai ajiya, ga mai tuni, kowa da alherinsa, kowa da abin da yake cizon yatsa a kai. Tsohuwa tana jira. Ku faɗa min, a hannun wa za a danƙa kyamarar Haladu?